Notin Hagu da Keken Maman Nas

Kafin ya zama Injiniya, mijin Maman Nas mai kula da sito ne a wani ofis, aikinsa riƙe makulli da hana mutane fita da kujeru. Mutum ne mai lafiya har ranar da 'yarsa, wadda kowa ke kira Nas saboda makarantar jinya da take yi, ta nuna masa yadda ake sayayya a waya. Maman Nas ta sha faɗa cewa da ta san abin da zai biyo baya, da a ranar ta tsoma wayar cikin bokitin wanki ta ce kuskure ne.

Shi ba abin da yake buƙata yake saya ba. Abin da aka yi wa rangwame yake saya, daga baya ya nemo masa amfani. Yana cin abinci yana duba garaɓasa, yana banɗaki yana taya gwanjo, har sai an buga masa ƙofa. Mai kawo kaya kuwa kullum sai ya buga ƙofa biyar ko shida a benen da suke zaune kafin ya dace da tasu, domin ɗakuna goma sha biyun duk ba su da lamba.

Daga nan babban shirin ya fito. Wata Asabar ya tare maƙwabta a gindin matakala, ya ɗaga waya sama ya ce zai haɗa injin leza da hannunsa, wanda zai riƙa rubutu a kan faranti da haske kawai. Kowace ƙofa za ta samu lamba. In an gama da benen, sai layin gaba ɗaya, daga nan kamfanoni su zo su yi layi.

Bakanike, wanda ke ɗakin da ke kallon nasu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da ragowar fenti da buroshi. Kafin azahar mun gama."

"Fenti na mutanen da ne. Kai dai tsaya a ƙarƙashin motarka."

"To, Allah ya taimaki Injiniya."

Sunan ya bi shi daga ranar, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, bai ji zolayar da ke ciki ba.

Kaya suka fara sauka. Sandunan da kan lezar zai riƙa tafiya a kai, a hoto sun kai tsawon gado, da aka buɗe kwali ba su wuce cokali ba. Ya ce masu kyau ne, zai ajiye don ƙaramin inji na gaba. Tabarau na kare ido guda goma sha biyu suka zo, ashe na ninƙayar yara ne, masu kunnen kwaɗo a gefe. Ƙaramin injin da zai tura kan lezar ya iso, aka jona shi, ya yi ƙara kamar sauro, ya kasa jan ko murfin kwalba. Kan lezar kansa ya zo babu takardar bayani, sai wayoyi uku. Injiniya ya ce mai ilimi ba ya buƙatar takarda, ya haɗa biyu daga ciki, labulen falo ya samu rami daidai shigar yatsa.

Tun daga ranar hankalin Maman Nas bai sake kwanciya ba. Ta ajiye bokitin ruwa a bakin kowace ƙofa. Ta ce wa Nas in za ta shigo falo ta yi sallama ta rufe ido har sai an amsa. Ita kanta da gefe take wucewa ta gaban kwalayen, tana kare fuska da faifan murfin tukunya.

"Baban Nas, abin nan ba ya makantarwa?"

"Yana makantar da jahili. Ni na san inda yake kallo."

"Labulen ma ai ka san inda yake."

"Gwaji ne. Ko likita sai da ya fara da gawa."

Saura abin da zai haɗa ƙarafan wuri guda. Ana buƙatar kayan yanka zare, wato ƙarafan nan da ake murzawa cikin rami ko a jikin sanda su fitar da zaren da noti ke bi. Bakanike ya ce ya bi shi kasuwa su sayo na kowa da kowa, ko ma ya ara masa nasa. Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ya samo akwati guda a waya, guda arba'in a ciki, a ƙasa da rabin kuɗin na kasuwa, wata uku yana nan babu wanda ya taya saboda mutane ba su da ido.

"In abu ya yi wata uku babu mai so, Injiniya, a tambaya mana."

"Hassada ce ke damunka. Ranar da na kunna injin nan, kai za ka riƙe mini wayar wuta."

Akwatin ya zo, ja, mai sheƙi. Ya huda ƙarfe, ya yanka zare, ya ɗauko noti ya murza. Noti ya ƙi shiga. Ya canza wani, ya ƙi. Ya shafa mai, ya buga da guduma, ya zagi wanda ya ƙera notin. Sai Maman Nas, wadda ke kan kekenta na ɗinki tana kallo ta wutsiyar ido, ta ce, "Ni dai na ga lokacin da kake yankawa, baya-baya kake murzawa."

Injiniya ya ajiye gudumar. Ya koma waya, ya gangara can ƙasan hoton inda ƙananan rubutu suke. Duk arba'in ɗin zaren hagu ne. Abin da aka yanka da su, in ka murza dama kwancewa yake, sai ka murza hagu yake ɗauruwa. Mai sayarwa kuma ya rubuta ba a mayarwa.

Ya tashi ya rufe ƙofa, ya saki labulen mai rami.

"Maman Nas, ki rantse mini Bakanike ba zai ji wannan maganar ba. Ba shi kaɗai ba, kowa a benen nan."

"Kai dai ka je ka ari nasa, a wuce wurin."

"In ara a wurin wa? Ki rantse."

Ta rantse, don ta ga idonsa ya yi ja, kuma tana tsoron hawan jininsa.

Tunda notin kasuwa ba ya shiga raminsa, sai ya yanke shawarar yanka nasa notin da kansa. Hannu kuma yana son sabo, don haka ya fara koyo da kayan gida. Ya sake wa marikin murfin tukunya zare. Ya bi ta hannun kwaba, ya bi ta ƙafar gado, ya bi ta kan famfon kicin. Cikin mako guda gidan ya juye. Nas ta zo rufe famfo ta murza dama kamar kowane ɗan Adam, kan famfon ya fito a hannunta, ruwa ya yi mata wanka da kayan makaranta. Wata tsohuwa da ke ɗakin ƙasa, wadda duk benen ke kira Inna, ta hawo gaisuwa, ta zauna a bakin gado, ta ji ƙafar na rawa ta ce bari ta ɗaure musu. Da ƙyar aka zaro ta daga tsakanin katifa da bango, tana tambaya ko girgizar ƙasa aka yi.

Maman Nas ce kaɗai ta iya zama da abin. Hannunta ya koya da kansa: a waje dama, a gida hagu.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma ƙaramin injin nan mai kukan sauro ya kasa tura komai, Injiniya kuwa ya riga ya sa wa maƙwabta rana. Sai wata safiya ta dawo daga sayen zaren ɗinki ta tarar wurin kekenta wayam, sai alamar ƙafafunsa huɗu a kan leda.

Keken ɗinki ne na ƙafa, irin wanda kansa ke kwanciya cikin tebur a rufe. Shekara ashirin tana ɗinki da shi. Ta same shi a ƙaramin sito na ƙarƙashin matakala. Injiniya ya kwantar da kan keken ciki, ya rufe, ya kafa ƙarafansa a kan teburin, ya huda ƙafafun ya ɗaure komai da noti takwas na hagu. Ya ɗaura igiyar keken a jikin kan lezar, wai in ya taka feda sai haske ya yi tafiya.

"Kwana biyu kawai. Ban taɓa kan keken ba, yana ciki yana hutawa."

"Baban Nas, yadin yarinyar nan fa? Ran Litinin ta sama za ta fara shiga ɗakin marasa lafiya. An ce duk wadda ba ta zo da fararen kaya ba ta koma gida."

"Litinin ai da nisa. Kuma kar ki kuskura ki taɓa, akwai ragowar haske a ciki."

Ya sa kwaɗo ya jefa makullin a aljihu. Makulli dai sana'arsa ce.

Kwana biyu suka zama tara. Farin yadin, wanda ta riga ta yanka, yana ninke a kan kwaba. Kullum sai ta sauke ta duba ko ƙura ta taɓa, ta mayar. Ranar Asabar ɗin da aka sa za a buɗe injin, Nas ta shigo kicin da yadin a leda.

"Umma, in azahar ta yi keken bai fito ba, zan kai wa telan bakin titi."

"Wanne? Mai sa aljihu a karkace?"

"Ko a bayana ya sa, in dai fari ne."

"Ni na ɗinka miki kayan suna, na ɗinka na firamare, na ɗinka na sakandare. Duk layin nan ni nake yi wa. Sai ranar da za ki fara aikin asibiti a ce wani ƙato ne ya ɗinka? Me zan ce wa mutane?"

"Ki ce musu Abba ya zama injiniya."

Maman Nas ta karɓe ledar ta rungume. Ta ce a ba ta zuwa azahar ɗin.

Da hantsi aka turo injin tsakar gida, an lulluɓe shi da zanen gado. Mutanen benen suka fito, har da mai kawo kaya, wanda ya ce shi ya ɗauko kowane ƙarfe a bayansa, dole ya ga ƙarshen wahalarsa. Injiniya ya sa farar riga mai dogon hannu, ya raba tabarau. Manya goma sha biyu suka tsaya da kunnen kwaɗo a fuska, robar ta matse musu kai har idanu sun firfito. Inna ta ce ita ba ta ganin komai sai kore.

"Haka ake so, Inna. Alamar yana aiki ke nan."

Ya yi jawabi. Ya ce akwai masu aiki da ƙarfi, akwai masu aiki da ƙwaƙwalwa, bai kama suna ba amma ya kalli Bakanike. Ya miƙa masa wayar wuta ya ce ya riƙe, kamar yadda ya yi alkawari. Sannan ya yaye zanen. Abin ya yi kama da gadon asibiti da mota ta taka.

"Ina ake zuba gero?" in ji Inna.

"Ba injin niƙa ba ne, Inna."

Ya ɗora farantin katako, ya ce za a fara da lamba ɗaya, ɗakin Inna, don girmamawa. Ya zauna a kujerar ɗinkin Maman Nas, ya kunna, ya ɗora ƙafa a feda. Bai taɓa taka keke ba a rayuwarsa. Fedar ta yi gaba, ta dawo baya ta bugi ƙaurinsa. Ya sake takawa da ƙarfi, ƙarafan suka ɗauki rawa, ɗan jan hasken ya fara yawo a kan farantin kamar kaza mai neman tsaba.

"Wannan ɗaya ce ko macijiya?" in ji mai kawo kaya.

"Rubutun zamani ne. Ku yi shiru, kuna ruɗa shi."

Hasken ya gangara daga farantin ya sauka a kan teburin keken. Wani siririn hayaƙi ya tashi. Maman Nas ta ji ƙaurin katakon da take gogewa da mai duk Juma'a, ta san ƙarƙashin wannan katakon kan kekenta ne a kwance. Ta duba inuwar bango, azahar ta kusa. Ta duba Nas, Nas ta duba ledar. Maman Nas ba mai magana cikin taro ba ce, amma ta taka ta fizge wayar daga hannun Bakanike ta zare daga soket.

"Wa ya kashe?"

"Ni ce, Baban Nas. Na ga kamar yana rawa ne."

"Rawa kam yana yi," in ji Bakanike. "Notinka ba su ɗauru ba, Injiniya. Ɗaure su mu gani."

Injiniya ya ɗauki sifana, ya durƙusa ya juya wa jama'a baya, ya fara murzawa hagu a hankali, yana kare hannunsa da gwiwa. Mai kawo kaya ya leƙo.

"Oga, ai kwancewa kake yi."

"Ina sassautawa ne tukuna, don ya huta."

"Noti na hutawa?"

Gumi ya jiƙa farar rigar. Ya ɗago ya nemi idon matarsa ta cikin tabaran kwaɗo. Ita kuwa ta gyara mayafi ta ce da ladabi, "Bayin Allah, ku taya shi mana. Noti takwas ne, shi kaɗai, ga hawan jini."

Bakanike ya aika aka sauko da akwatin aikinsa, ya raba sifana. Ya kama noti na farko, ya murza dama sau biyu. Ya tsaya. Ya cire tabaran, ya sunkuya ya ƙura wa zaren ido. Ya kalli Injiniya, ya kalli Maman Nas, wadda ta sa ido a ƙasa kamar mai neman allura. Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

"Jama'a, kowa ya kama nasa. Dama ake ɗaurewa, ko ba haka ba, Injiniya?"

Injiniya ya gyara zaman tabaransa.

"Haka ne," ya ce, da wata ƙaramar murya.

"To ku ɗaure da kyau, kar ku ji tausayi."

Mutum takwas suka duƙufa. Inna ma ta karɓi sifana, ta ce tun ranar gadon nan take son ta rama. Mai kawo kaya ya ce nasa sai ƙara tsawo yake. Bakanike ya ce na ƙasar waje ne, haka suke, ya ci gaba. Injiniya na zagaye su yana cewa ya isa haka, kar a matse da yawa, ƙarfen ba ya son takura. Babu wanda ya saurare shi. Noti na farko ya faɗo ƙasa ya gangara, na biyu ya bi shi. Ƙarafan suka yi ɗan tunani, sannan suka kwanta gaba ɗaya ta gefen da Injiniya yake, suka tafi da shi har cikin bokitin ruwan da Maman Nas ta sauko da shi saboda gobara.

Ba ta tsaya kallo ba. Ta share ragowar wayoyin daga kan teburin, ta buɗe murfin, ta ɗago kan keken. Ta juya shi da hannu, allura ta sauka ta hau lafiya lau. Hasken ya ci katakon ya yi baƙin layi, amma bai huda ba.

"Nas, kama can."

Suka ɗauka su biyu suka nufi matakala. A bayansu Bakanike ya ɗaga noti ɗaya sama yana nuna wa mutane yadda zaren ya kwanta a juye, yana kiran na saman bene su leƙo. Inna na tambaya ko yanzu ɗakinta ya samu lambar. Mai kawo kaya ya ce shi dai gobe da alli zai zo.

La'asar ta yi tana kan hannun riga na biyu lokacin da Injiniya ya shigo, wando a jiƙe, jan akwatin a hammata, shatin tabarau zagaye da idanunsa. Nas na tsaye an kafa mata rigar da fil, ta kasa motsi, ta kasa dariya. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙafar matarsa na taka fedar ba tare da ta duba ba.

"Maman Nas, kin fa san na hagu ne."

"Na sani."

"Kina tsaye suna kwancewa. Kalma ɗaya za ki faɗa su daina."

Ta ciji zare ta tofar, ta juya rigar.

"Ai kai ka sa na rantse, Baban Nas. Matsa daga haske, aljihu zan sa."